Ƙasa Daga Tsibirin Iyatu

Ladan mai jirgin ruwa ya rage ƙarar inji, ya yi nuni da haɓa. "Ga dorina can, 'yan mata. Kada wadda ta miƙe tsaye, ba ta son raini."

Ɗalibai suka sa ihu, suka karkata gefe guda, har sai da Malama Christiana ta daka musu tsawa. Fure, mai kula da ɗakin kwanansu, ba ta ko juya ba. Da sassafe suka baro Kwantagora a motar makaranta, suka bi ta Ibeto da Nasko zuwa bakin tafkin Kainji, yawon buɗe ido na ƙarshen zango. Ita kam aike ne ya kawo ta. Mahaifiyarta Iyatu tana kwance a asibiti, jiki ya yi nisa, ba ta roƙon komai sai ƙasar tsibirin da aka haife ta, ko da cikin tafin hannu ne. Tun da aka datse kogi aka kwashe su daga can ba ta sake komawa ba.

Suka sauka a wani tsibiri mai yashi, balbelu sun rufe itatuwansa fari fat. Ladan ya zaga da su, ya nuna musu sawun kada da rumfar da masunta ke bandar kifi. Malama Christiana tana biye, tana cewa kowa ta rubuta.

Fure ta ja shi gefe. "Baba, ina ne tsibirin masu albasa, mai tsamiya biyu a mashiga?"

Ya dube ta. "Ke 'yar can ce?"

"Gyatumata ce."

"Ai mun bi ta kansa, 'yata, ruwa ya shanye shi. Daidai inda dorinar nan ta ɗago."

Ta ce to. Ta laluba ranta ko za ta ji wani abu, ba ta ji ba. Ta yi alwala a bakin ruwa, ta yi sallar azahar, sannan ta tsuguna ta ɗebi yashin wurin a gefen mayafinta, ta ƙulle.

Gab da magariba ta shiga ɗakin marasa lafiya. A hanya ta shirya gaskiya, ta shirya ƙarya, ba ta zaɓi ko ɗaya ba.

"Kin samo?" in ji Iyatu.

Fure ta kwance ƙullin, ta zuba mata a hannu. Tsohuwar ta murza, ta sansana, ta ɗora kaɗan a harshe, yadda manoman albasa ke gwada ƙasa kafin dashe.

"Tamu baƙa ce, mai danƙo," ta ce a hankali. Ta daɗe tana kallon yashin. "Allah sarki. Ruwa ya wanke ta tas."

Sannan ta ɗago ta dubi Fure.

"Idan na tashi, sai ki kai ni in gani da idona."

Fure ta gyara mata bargo, ta kakkaɓe yashin da ya zuba a kai.

"To, Inna," ta ce.