Sakatar Ɗakin Yara

Tana ɗaure noti na huɗu a jikin ƙofar ɗakin makarantar Lahadi sakataren ikilisiya ya tsaya a kanta, rungume da fayil.

"Maman Tagwaye, wa ya ba ki izini?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce idan ya ɗan matsa daga hasken, yanzu za ta gama.

Makonni uku ke nan da Hasana, mai shekara biyu, ta tura wannan ƙofar ana tsakiyar wa'azi, ta fita har bakin titi. Wani mai babur ne ya ja birki, ya ɗauko ta, ya shigo yana tambayar 'yar waye. Tun ranar ake zama a kan sakata. Kwamitin gini ya ce cikin ƙofa na kwamitin yara ne. Kwamitin yara ya ce katako ai gini ne. Aka kafa ƙaramin kwamiti ya gano inda ƙofa ta fi karkata, aka kuma roƙi iyaye su ci gaba da sa abin cikin addu'a. Ita ma ta yi addu'ar, sannan ta biya kasuwa ta sayo sakata, ta ɗauko sukundireban da take gyara keken ɗinkinta da shi.

Bayan sujada aka kira ta ofis. Fasto na zaune yana murza goshi. Dattijon da ke shugabantar kwamitocin uku ya miƙe a ƙarƙashin takardun shaidarsa na kwasa-kwasan shugabanci, waɗanda ya sa aka rataye a bango. Ya yi magana mai tsawo a kan tawali'u da aiki tare. Ya ce ƙwarewa ba tare da hali ba haɗari ce, kuma abin da ta yi ya raunana zumunci, domin yanzu ƙaramin kwamiti ba shi da abin da zai kawo rahoto a kai. Ta saurara, Hasana a cinya, Usaina na jan igiyar takalmin sakatare.

Aka yanke shawara: a cire sakatar yau, a mayar da ita bayan an amince, watakila a zaman wata mai zuwa, tare da 'yar addu'ar keɓewa.

Duk suka ɗunguma zuwa ƙofar. Dattijo ya gwada da makullin motarsa, makullin ya lanƙwashe. Sakatare ya kawo cokalin shayi. Shugaban mawaƙa ya ba da shawarar a juya hagu, ya kuma ba da shawarar a juya dama. Sakata ko gezau. Fasto dai ya sa hannu ya ja ta, ya tura, ya ji ta kama tsam.

Dattijo ya share gumi ya juyo.

"'Yata, ara mana abin nan naki mana."

Ta goya Hasana, ta gyara ɗaurin zani, ta kama hannun Usaina.

"Baba, ai ba ni kaɗai ke da iko da shi ba, kayan gida ne. Ku rubuto mana. Ni da baban Tagwaye muna zama ƙarshen wata, za mu duba."

Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo cikin ladabi.

"Kafin nan, a sa abin cikin addu'a."