Lada Biyu Ranar Alhamis

Sabitu mutum ne mai saurin alkawari. Tun da ya shiga wata 'yar ƙungiya da ke nema wa masu sankarar jini masu ba da jini a Khartoum, bakinsa bai ƙara sanin "bari in gani" ba. Don haka da Hajja Hadizatu, mai sayar da shayi a ƙofar ɗakunan ɗalibai, ta gaya masa halin da 'yarta Nabila ke ciki, kafin ta rufe baki ya buga ƙirji.

Jinin Nabila ne ya yi ƙasa, likita ya ce ba za a ci gaba da magani ba sai an ƙara mata leda huɗu. Ma'ajiyar jinin asibitin kuwa ba ta fitar da leda sai an kawo mai ba da madadinta. Ranar Alhamis da azahar ake rufe tagar karɓa sai Lahadi, likita kuma ya ce jikin yarinyar ba zai jira Lahadi ba.

Sabitu ya zaga ɗakunan 'yan Nijeriya da 'yan Nijar, har ya tsallaka gada zuwa Omdurman, ya haɗa ƙarti bakwai. Babu wanda ya ja da baya, domin babu wanda bai sha shayin Hajja ba a ranar da ya sauka garin nan bai san kowa ba. Da safiyar Alhamis ya tisa su gaba cikin fararen jallabiyoyi, yana tafe yana hura hanci kamar wanda ya kawo lefe.

A asibitin, malamar jinyar, wata doguwa mai suna Mawahib, ta duba su ta saman gilashinta ta tambayi na farko me ya ci da safe. Ya ce ai azumi yake. Na biyu ma haka. Kafin ta kai na bakwai, Sabitu ya gane an samu matsala.

Ashe aikin Muhajir ne, wani ɗalibin fiƙihu ɗan Maraɗi da ba ya iya ganin lada a ƙasa ya wuce. Shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce tun da Alhamis ce, a haɗa da nafila, a tashi da lada biyu. Shi kansa Sabitu da ya kamata ya fi kowa sani, sai da ya yi sahur da dabino uku, yana ganin dabarar ta yi.

Mawahib ta rufe littafinta. Ta ce ita ba ta huda mai azumi, ta gaji da kwasar malamai a ƙasa. A je a ci, a sha, a huta rabin sa'a, a dawo.

Ka ce wa ɗaliban shari'a bakwai su karya azumi, ai ka tono gidan rina. Nan take barandar asibitin ta koma zauren karatu. Muhajir ya ce a mazhabarmu wanda ya karya nafila da gangan sai ya rama, kuma ya yi laifi. Wani mai suna Salahuddin ya ce wasu malaman sun sassauta. Wani ya ce a fara warware ko ɗibar jini ɗaya yake da ƙaho. Aka ɗauko wayoyi ana neman hujja. Sabitu ya roƙa, ya yi fushi, ya nuna agogo, sai aka tambaye shi wane malami ne ya faɗa. Ƙarfe goma sha ɗaya ta buga suna kan ra'ayi na huɗu, shi kuwa tsoro ya kama shi sosai, don ɗazu ya leƙa ɗakin da aka kwantar da Nabila ya ga leɓɓanta sun yi fari.

Hajja Hadizatu ta fito daga ɗakin ta tsaya tana sauraro. Ba ta yi karatu ba, amma shekara goma sha biyar tana ciyar da masu karatu, ta san inda hujjarsu take ƙarewa. Ta gyara mayafinta ta fita ƙofar asibiti, wajen wata 'yar'uwar sana'arta da ke gindin darbejiya, ta karɓi aron kasko da ragowar ƙullun safe. Ta jawo murhun daidai tagar barandar ta hau tuyar zalabiya, irin fanken nan nasu da ake barbaɗa wa sukari, ta kuma ɗora shayin madara da citta.

Iska ta yi aikinta. Muryar Muhajir ta fara sauka. Salahuddin ya haɗiyi yawu a tsakiyar nassi. Can sai ga Hajja da faranti a kai, ta dire shi a tsakiyarsu.

"Ya awlad, 'ya'yana, ni ban san mazhaba ba," in ji ta. "Abin da na sani, azumi ana rama shi. Nabila ba a rama ta. Yalla, bismillah."

Muhajir ne ya fara miƙa hannu, yana cewa dama akwai ƙaulin da ya manta bai kawo ba. Kafin ya gama bayanin ƙaulin ya cinye shida.

Saura minti ashirin a rufe taga Mawahib ta karɓe su. Biyu ba su cancanta ba, shida suka bayar har da Sabitu, Muhajir kuma duk da zalabiyar sai da ya some da ganin allura, aka yi masa fifita da littafinsa. Aka ɗauki leda ta farko aka shiga da ita ɗakin Nabila.

Sabitu ya fito da auduga a hannu ya tarar da Hajja a kan benci, ta zuba wa ƙofar ɗakin ido. Ya ɗauko zalabiya ɗaya da ta rage a farantin ya miƙa mata, ya ce tun safe bai ga ta sa komai a baki ba.

Ta girgiza kai.

"Azumi nake, ɗana. Sau uku ina miƙa musu hannuna suna cewa jinina bai isa ba. Wannan kaɗai nake da shi da zan ba ta, ku bar min nawa."