Wadda Bajamushe Ya Binne a Littafi

A littafin Dakta Ottmar Reinfeld, Mastura ta rasu tun tana goye. A unguwar Nuzla ta Jidda kuwa tana nan da ranta, shekara saba'in da biyu, tana fama da ciwon gwiwa.

Reinfeld masanin tarihi ne daga Jamus. A 1978 ya zo Jidda yana tattara labarin Hausawan da suka ratso Sudan zuwa hajji, har ya zauna da Inna Sadiyya, mahaifiyar Mastura. Ya ce ta lissafa masa 'ya'yanta, ta ambaci huɗu. Da ya tambayi sunan ta fari, sai ta sunkuyar da kai. Bawan Allah, duk karatunsa bai san uwa ba ta kama sunan ɗan fari ba, sai ya rubuta cewa yarinyar ta mutu a hanya.

Ba kuskuren Bature ne ke cin Mastura ba. Har Inna ta koma ga Allah, "ke" da "waccan" kaɗai ta taɓa ji daga bakinta. Ta san al'ada ce. Amma sanin bai hana ta tambayar kanta ba: kunya ce, ko dai babu komai a zuciyar?

Bara Reinfeld ya mutu, 'yarsa ta aika wa iyalai muryoyin da ya naɗa. Jikar Mastura, Wafa', ta zo da nasu a waya bayan la'asar.

"Yalla, Kaka, saurara. Sautin Inna ne, wallahi."

"Halas, ya isa, bar matattu su huta," in ji Mastura, amma ta matso.

Da Larabci aka yi hirar. Aka zo kan tambayar 'yar fari, sai ƙarar fanka kawai ake ji. Can Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa:

"Tunda ba ka jin Hausa, bari in faɗa maka. Mastura. Ita na goya har bakin teku a Sawakin, ruwana nake ba ta ni in haƙura. Da na rasa ta, da ban iso ba."

Mastura ta kama hannun jikarta, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Mayar baya."

"Duka, Kaka?"

"A'a. Wurin sunan kawai."