Matan Katakon Delfina

Dokar gwajin sabon wasan tebur a birnin Rosario ɗaya ce, kuma babu tausayi a cikinta: wanda ya ƙirƙiri wasan zai miƙa akwati da takardar ƙa'idoji, ya koma gefe ya ja bakinsa ya yi gum. Ko a kife suka shimfiɗa allon, ba ruwansa. Ai ranar da wasa ya shiga kanti ba a haɗa wa mai saye da mai shi.

Evaristo Benítez ya san wannan sarai. Shi ya sa ranar Asabar da yamma ya rakuɓe a kusurwar falon Noemí, riƙe da ƙoƙon shayin mate. Noemí tsohuwar ƙawarsa ce, mai sharhin wasannin tebur a bidiyo, kuma bakinta ya fi reza kaifi. Wani ƙaramin kamfani ya yi alkawarin buga wasan in har ta yaba. In ta kushe kuwa, shi ke nan, akwati ya koma saman kabad.

Wasan na masuntan kogin Paraná ne. Shi da matarsa Delfina suka yi shekaru suna gina shi a teburin kicin, shi da lissafi, ita da zane da rubuta ƙa'idoji. Bara ciwo ya ɗauke ta. Tun daga nan bai iya duban rubutun hannunta ba, sai ya kai aka kwafe takardun ya cusa a akwati bai karanta ba. To me zai karanta? Ya haddace wasan kamar sunansa.

Abokan wasan Noemí biyu ne, Ramiro likitan haƙori mai ƙaton tumbi, da matarsa Itatí. Suna jera jiragen kwale-kwale sai Ramiro ya zazzage wata 'yar jaka. Ƙananan matan katako suka zubo, kowacce riƙe da fitila mai ɗigon fenti rawaya.

"Waɗannan fa, na mene ne?" in ji shi.

Noemí ta juya takardun gaba da baya. "Babu su a ƙa'ida. Ado ne kawai." Ta share su da gefen hannu zuwa cikin murfin akwati.

Nan take Evaristo ya gane. Ashe Delfina ba ta kai ga rubuta wannan shafin ba. Ƙa'idar ita ce, ƙarshen kowane zagaye dole masunci ya juya jirginsa gida, inda matarsa ke tsaye bakin ruwa da fitila. Wanda kwaɗayi ya riƙe a kogi ya rasa kamunsa. Delfina ce ta kawo ta, don kuwa haka uwarta kan jira ubanta a tsibiri. Takan ce kamun kifi kowa ya iya, nasu wasan na komawa gida ne.

Ya buɗe baki. Noemí ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ɗaga yatsa. "Tsoho, ka mutu. Matattu ba sa magana."

Haka take gaya wa kowane mai wasa a teburinta. Sai da ta faɗa ta tuna da rasuwar Delfina, kunnuwanta suka yi ja. Shi kuwa ya sunkuya ya zuƙi mate da ya riga ya huce.

Abin takaici, wasan ya yi daɗi. Da yake babu mai komawa gida, jirage suka yi ta kutsawa can nesa, ana tare wa juna hanya, ana ƙwacen gurbi. Itatí ta wawure kifin mijinta tana ce masa, "Je ka ciri haƙori, masoyi, kogi ya fi ƙarfinka." Ramiro ya yi dariya har da tari. Evaristo bai taɓa jin an yi dariya irin wannan a kan allon nan ba, kuma wallahi ta yi masa ciwo.

Da suka gama Noemí ta ce, "To, tashi daga kabari. Me ka so faɗa?"

Ya faɗa musu ƙa'idar matan. Itatí ce ta ciro matan daga murfi ta jera su bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, aka sake wasan yadda ya kamata.

Ina, ba a haɗa ba. Da wasa ya fara zafi sai a ce kowa ya juya gida. Ba wanda ya yi ƙorafi, ladabi ya hana su, amma Ramiro ya saci kallon wayarsa, Itatí kuma ta danne hamma da bayan hannu. Evaristo na gani, ai ba makaho ba ne.

Bayan baƙin sun tafi Noemí ta zauna kusa da shi. "Ka san ba na ƙarya a gaban kyamara, ko don kai. Na farkon zan yabe shi har kamfani ya rasa inda zai sa kansa. Na biyun ba zan iya ba."

"Na sani."

"Kana iya riƙe shi yadda yake. Naku ne."

Ya daɗe yana kallon allon. In ya riƙe ƙa'idar matan, babu yaron da zai taɓa ganin kogin da Delfina ta zana, wasan zai ruɓe a saman kabad. Ya miƙa hannu ya tsince matan, ya zuba a aljihun rigarsa.

"Yi bidiyonki," ya ce.

Ta jawo kyamara, sai ta tsaya. "Zan ce wasan Evaristo da Delfina Benítez, ko?"

"Sa sunana ni kaɗai," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. "Ki ce zanen nata ne. Amma wasan da ta yi, ba shi za a sayar ba."