Sarƙar da Ba Ta Tambaya

Yahuza ya kai haƙori na bakwai da magagari sai ya tsaya. Ya sa farce ya ƙwaƙulo abin da ya maƙale a jikin sarƙar, ya murza shi, ya kai hanci. Ɗanye ne sharaf, har da danƙon ƙaro.

Shekara tara ke nan yana wannan rumfa ta kasuwar Belbeji, yana wasa wuƙaƙe da gatura da sarƙoƙin injin yankan itace. Ya san busasshen itace gari yake bari, da an hura ya tashi. Wannan kuwa ya manne kamar tuwo a tukunya.

"Haris, me ka yanka da wannan?"

Haris, ƙanin matarsa Zainabu, yana kan babur yana danna waya. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Itace mana, Yaya. Da nama zan yanka?"

"Busasshe?"

"Takardar izinina dai ta busasshe ce."

"Ba takarda na tambaye ka ba."

A gefen rumfar wani dattijon makiyayi ne mai suna Sidi, tun hantsi yake jiran a wasa masa wuƙa. Ya miƙo hannu, Yahuza ya shafa masa abin a tafi. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Itacen kandili ne," in ji shi a hankali. "Uku ne a bakin rijiyarmu, can cikin kwarin Tarka. Tun kakana suke tsaye. 'Ya'yansu awakinmu ke ci idan rani ya yi tsanani. Shekaranjiya muka kawo dabbobi shan ruwa, muka tarar da kututture uku suna hawaye."

Haris ya sa wayar a aljihu. "Baba, kandili ai ba naka kaɗai ba ne a daji. Kuma ku gaya mini, ina busasshen yake? Sai ka yi yini biyu kana yawo ba ka cika amalanke ba. Masu gidan burodi a Tanut kuwa ba sa jira. In ɗanyen ya yi kwana ashirin a rana, wa zai ce ba busasshe ba ne?"

Yahuza ya ajiye magagari. "Wato ka kashe shi da hannunka, ka dawo ka ce gawa ka tsinta! Ba ka ji kunyar Allah ba, ba ka ji ta wannan tsohon ba?"

"A'a, Yaya, kada ka yi mini wa'azi. Wa ya wasa sarƙar nan ran kasuwar da ta wuce? Har cewa ka yi za ta aske gemu."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya kwance sarƙar daga maƙalin da ya ɗaure ta, ya wurga ta gaban babur ɗin.

"Ɗauki tsiyarka. Hannuna ba zai ƙara taɓa ta ba."

Haris ya yi dariya. Ya sauko, ya kwance injinsa na yankan itace daga bayan babur. Sabuwar sarƙa ce a jikinsa, wani direba ya kawo masa daga Agadas. Ya ɗauko wani murfin roba mai ɗan dutse a ciki ya kafa a bakin injin, ya ja igiya, ya danna bakin a ƙasa. Tartsatsi ya yi ta feshi. Kafin a ƙirga biyar ya kashe, ya cire murfin, haƙoran suna walƙiya. Mutane suka taru suna salati, wani har yana tambayar inda ake samunta.

"Ka gani? Ita ke wasa kanta. Ba ta shinshina, ba ta tambaya. Dama don zumunci nake kawo maka waccan."

Ya ɗaure kayansa, ya tayar da babur, ya nufi arewa. Tsohuwar sarƙar ko kallonta bai yi ba.

Yahuza ya zauna. Sai da ya yi a'uziyya sau uku kafin ya iya wasa wuƙar Sidi. Da ya gama ya tashi ya ɗauko sarƙar daga ƙasa, bai kakkaɓe ta ba, ya naɗe ta a tsumma, ya saki labulen rumfa.

"Baba Sidi, masu gandun daji suna ofis har azahar. Kai ka faɗi abin da ka gani, ni in faɗi wanda ya kawo mini wannan, da wanda ya wasa ta."

Tsohon ya gyara rawaninsa. "Na ji an ce ƙanin iyalinka ne."

"Ita ta goya shi da uwarsu ta rasu."

Suka fita ta ƙofar masu raƙuma. Da suka iso mararraba Sidi ya karkata wajen ofis, Yahuza ya riƙo hannun rigarsa.

"Mu biya ta gida tukuna. Gara ta ji daga bakina."