Rabin Atisayen Koci Muntaka

Ni na buɗe shafin a intanet, a wani kafe da ke Takur, don masu horar da 'yan ƙwallo a Jigawa kowa ya zuba abin da ya sani. Kowa ya kawo nasa, ban da Koci Muntaka na Taura. Shekara da shekaru yana ɓoye mini yadda yake horar da gola. Da ya hango ni a bakin filinsa, sai ya tsayar da atisaye.

Ran nan sai ga shi da kansa, duk ya rame. Ya ce, "Rubuta, Misbahu." Yana faɗa ina bugawa. Mun kai inda gola zai juya wa mai bugu baya, sai mai kafe ya ce zai kashe janareto. Na tura rabin da muka rubuta zuwa shafin, Koci Muntaka kuma ya ce zai dawo ya ƙarasa.

Kafin sati ya zagayo muka kai shi makwancinsa.

Har yau kociyoyin Haɗeja suna rubutawa a ƙarƙashin rabin nan: "Sai kuma me, Koci?" Haushinsu nake ji, amma na kasa gogewa. Golansa yana nan a tsaye, ya juya baya, yana jiran usur.