Ranar da Lauwali Ya Manta Gabas

Shekara biyu da wata huɗu Lauwali ya yi yana bin Malam Sama'ilu mai aikin famfo. A duk tsawon lokacin nan aikinsa bai wuce ya haƙa rami, ya kwaɓa siminti, ya miƙo abin da aka ce ya miƙo ba. Shekarunsa talatin da ɗaya, yana da mata da 'ya'ya biyu. Da can acaɓa yake yi, da babur ya gaji ya jingine shi, ya ce gara ya koyi sana'ar hannu. Bai san da diga da shebur ake fara ta ba, kuma a Kazaure, inda da wuya ka haƙa kamu biyu ba ka tarar da dutse ba.

Ranar Litinin suna aiki a wani sabon gida a gindin dutse. Wani ma'aikacin gwamnati ne ke gina wa mahaifiyarsa, Hajiya Rahamatu, ɗaki mai banɗaki a ciki, domin ta huta da fita tsakar gida da damina. Da hantsi aka kira Malam Sama'ilu a waya, famfon wani gida ya fashe a Roni. Yana ɗaura jakarsa a babur ya kira Lauwali.

"An ba ni aikin banɗaki shida a wata makaranta a Gwiwa," in ji shi. "Mai girka masai nake nema ya taya ni, lebura kuwa ko a can akwai. Ga masan Hajiya can a kwali. Ka girka shi. Idan na dawo gobe na ga ya yi, da kai za a tafi. Idan bai yi ba, in nemi wani, kai ka ci gaba da digarka."

"Zai yi, Maigida."

"Kuma ka kula. Shuɗi ne, daga Kano aka kawo shi don ya dace da tayil. Babu irinsa a garin nan."

Masan na tsuguno ne, na tangaran. Lauwali ya wuni a kansa. Ya auna sau uku. Ya zaɓi hanya mafi kusa zuwa ramin da ya haƙa a bayan ɗakin, bututu miƙe ba lanƙwasa, ya ba shi gangare daidai yadda ruwa zai wuce ba tsayawa. Ya zuba bokiti biyu ya gwada, sannan ya zagaye shi da siminti mai kauri. Maikasuwa mai saka tayil ya leƙo ya ce, "Lallai yau lebura ya zama injiniya." Lauwali bai kula shi ba.

Washegari da safe Malam Sama'ilu ya iso. Ya durƙusa, ya aza ma'auni, ya zuba ruwa yana sauraron tafiyarsa. Har ya fara gyaɗa kai sai ga Hajiya Rahamatu ta shigo tana dogara sanda, ta zo ganin ɗakinta. Suka russuna suka gaishe ta. Ta tsaya a bakin ƙofar banɗakin, ta dubi masan, ta ɗaga kai ta dubi 'yar tagar da ke gabansa. Ranar safe ce ke shigowa ta ciki.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Hajiya," in ji Lauwali, yana murmushi.

"Sannu da ƙoƙari, ɗan nan. Amma ku a garinku ina ne gabas?"

Murmushin ya ɗauke. Duk wanda ya tsuguna a masan nan, fuskarsa na kallon alƙibla sak. Ko yaron da ke aji ɗaya a Islamiyya ya san ba a fuskantar ta a banɗaki, ba a kuma ba ta baya. Kudu da arewa ake girkawa.

"Shekarata saba'in da uku," in ji Hajiya a hankali, "ban taɓa yi ba, ba kuma a ɗakin da ɗana ya gina mini zan fara ba. Ku gyara. Alhamis zan tare." Ta juya ta fita.

Malam Sama'ilu ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Lauwali, jiya a nan ka yi azahar?"

"A nan na yi, Maigida."

"Ina ka kalla?"

Lauwali ya nuna bangon tagar.

"La'asar fa?"

"Can ɗin dai."

"Sau biyu ka gaisa da bangon nan, ka dawo ka juya masa masai."

"Gangaren ruwa nake ta tunani."

Maikasuwa ya ce daga falo, "Ai ruwan ya samu hanya, Hajiya ce ba ta samu ba."

"Kai da ka leƙo jiya, me ya hana ka faɗa masa?" in ji Malam Sama'ilu.

"Ni tayil na sani. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Lauwali ya ji abin ya taso masa. Ya ce, "Maigida, shekara biyu ina bayanka. Sau nawa muka girka masai? Ko sau ɗaya ba ka taɓa ce mini ga dalilin da ka juya shi haka ba. Miƙo wannan, riƙe wancan."

"Sai na koya maka alƙibla kuma? Ni malamin allo ne?" Malam Sama'ilu ya dubi simintin da ya kwana ya kama. Shi ma kansa bai lura ba sai da tsohuwa ta yi magana, amma bai faɗa ba. "To, ga guduma ga kurfi. Ka ciro shi lafiya, ka juya shi. Idan ya tsage, maganar Gwiwa ta mutu."

Lauwali ya durƙusa. Ya fara daga nesa, yana ɓantarar simintin kaɗan-kaɗan. Shi da ya saba dukan dutse da dukkan ƙarfinsa, yau sai ya riƙa ƙwanƙwasawa kamar mai fasa ƙwai. Kowa ya wuce sai ya ba da shawara. Wani magini ya ce ya zuba ruwan zafi. Maikasuwa ya ce ya bar masan, a juya gidan ya fi sauƙi. Lauwali ya tura ƙofa ya rufe.

Da ya iso kusa da tangaran ɗin ya ajiye guduma, ya koma kankarewa da tsohon ƙarfe. Gwiwoyinsa suka ƙage, yatsunsa suka yi jini. Bayan la'asar masan ya motsa. Ya ɗago shi a hankali, sai ya ji wani ɗan ƙas. Wani ɗan guntu kamar farce ya ɓalle daga gefen ƙasa, wurin da siminti zai rufe.

Ya daɗe yana kallon guntun. Babu wanda ya gani. Daga baya ya ɗauka, ya fita, ya miƙa wa Malam Sama'ilu.

Malam Sama'ilu ya shiga ya juya masan, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa yana saurare, ya cika shi da ruwa ya jira. Bai ɗiga ba.

"Wannan ɓalli ne, ba tsagewa ba," in ji shi. "Amma Hajiya za ka faɗa wa da bakinka, kayanta ne. Yanzu idan ka juya shi arewa, bututun zai lanƙwasa. Ta ina za ka bi da shi?"

Lauwali ya zana masa a ƙasa da ƙusa. Malam Sama'ilu ya goge wani wuri da takalminsa, ya sake zanawa, wannan karon yana bayani.

"Asabar da sassafe za mu tafi," ya ce da ya miƙe. "Uku naka, uku nawa. Ramukan kuma duka shidan kai za ka haƙa, leburorin can ba su iya gangare ba."

Lauwali ya dubi digarsa, ya ɗauki bokiti. Ya je ɗebo ruwan kwaɓi.